Hayaƙin Gizo da Tukunyar Fadama

Kakanku da ya iya ba da wannan labari ba ya nan, sai ku yi haƙuri da bakina. Ga ta nan, ga ta nanku, jikoki.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Zaki ne ya tashi raya ƙasarsa. Ya aiki Shaho ya yi shawagi, ya ce duk inda hayaƙin murhu ya fi yawa, can jama'a take, can za a kai aiki.

To, Bushiya a Fadama take, cikin dangi rututu. Amma gandu suke yi, tukunya ɗaya ke ciyar da kowa, hayaƙinsu ɗaya tal. Gizo kuwa yana kan dutse, daga shi sai matarsa Ƙoƙi. Ya bi dutsen nan yana cinna wa ɗanyen ganye wuta.

Shaho ya koma yana tari. "Ranka ya daɗe, birni guda na gano!"

Aka haƙa rijiya a dutse. Bushiya ta ce, "Jama'a, a raba tukunyar nan a gan mu."

Dattawa suka ce, "Mu raba zumunci saboda ruwa? Ga rafi."

Aka kafa kasuwa a dutse. Suka ce, "Ga rumbu." Aka gina asibiti a dutse. Suka ce, "Lafiyarmu ƙalau."

Rannan naƙuda ta zo wa 'yar Bushiya da gardama. Ba abin hawa sai bayan Kunkuru. Suka yi ta tafiya, uwar na cewa, "Daure, 'yata, an kusa."

Suka tarar Gizo ya shanya kuɓewa a gadajen asibiti.

"Gizo, ina ungozoma?"

"Ta tafi, Inna. Ta ce ba a haihuwa a ƙasar nan."

A bakin ƙofar asibitin yarinyar ta cika.

Masu ta'aziyya suka cika Fadama, aka ɗora tukwane ko'ina. Shaho ya garzaya fada. "Ranka ya daɗe, ashe da jama'a a Fadama!"

"Me suke yi?"

"Makoki."

"To, a kewaye musu maƙabarta mai kyau."

Kun ji. Wanda aka ba rabon abin jama'a, ya sauko ya shiga gidaje da ƙafarsa, kada ya ƙirga mutane daga sama.

Ƙungurus kan kusu, nan ta tsaya. Allah ya kusanto da magani inda masu ciwo suke. Ku ce amin.