Injin da Ba Ya Son Matsi

Akwai wani makaniki da ya tsufa a cikin baƙin mai. Duk unguwarsu an san hannunsa: in ya ɗaure noti, sai dai shi ya kwance abinsa. Da ciwon baya ya matsa masa sai ya bar gareji, ya kwaso akwatin kayan aikinsa ya ajiye a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke tsakar gidansa, daf da tagar ɗakin matarsa.

Matar tana fama da asma. Likita ya sa an saya mata wata 'yar na'ura mai mayar da magani tururi. In ƙirjinta ya toshe sai a kunna, ta rufe hanci da baki da abin shaƙar, kafin a jima numfashi ya dawo. Na'urar ba ta cin wuta sosai, amma dai sai da wuta.

Ana nan sai taransifomar unguwar ta ƙone. Aka kai ƙorafi, aka ce ana dubawa. Makonni suka zama watanni, ana ta dubawa. Fetur kuma ya yi wuya, balle a yi zancen janareto.

Makaniki ya samo batirin mota da 'yar inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida. Yakan ɗaure batirin a bayan babur ya kai wani shago can ƙarshen gari inda ake caji, ya bi layi, ya dawo yana dafe da ƙugu. Wani lokaci ma rabin caji yake samu.

Autarsu, wadda ke aure a wani gari mai tsayayyiyar wuta, ta zo ganin gida. Ta dubi batirin, ta dubi uwarta, ta ce, "Baba, ka bar ni in tafi da Mama har a gyara wutar nan."

Ya ce, "Tun da na auro uwarki ba ta taɓa barin gidan nan don ciwo ba. Ina raye ba za a fara ba."

Matar ta yi dariya tana tari. "In na tafi wa zai kula da wannan tsohon? Ko inda cokali yake bai sani ba."

Auta ta san halin ubanta, ba ta ja da shi ba. Sai ta ɗauko wayarta ta nuna masa wani bidiyo da mijinta ya turo mata. Wani mutum ne ya haɗa inji a bayan gidansa, ba fetur, ba gas, da itace kawai yake juyawa yana cajin batir. Ana ce masa injin Stirling.

Mutumin Turanci yake yi, Auta na fassarawa. Ta ce iska in ta ji zafi tana kumbura, in ta ji sanyi tana tsukewa. Akwai babbar silinda a rufe, gindinta a wuta, samanta a cikin ruwan sanyi. A ciki akwai wani abu kamar fistin, aikinsa kawai ya riƙa kora iskar, ya kai ta wajen wuta, ya dawo da ita wajen ruwa. Kumburin da tsukewar su ke tura wani ƙaramin fistin a gefe, shi kuma ya juya faifai.

Makaniki ya gyara tabarau. Maƙwabcinsa kafinta ne, guntayen katako a shagonsa har zubarwa ake yi. Ya ce, "Wannan ai wasan yara ne. Kafin ki sake zuwa za ki tarar da uwarki tana shan iskar fanka."

Auta ta ce, "In na dawo na tarar babu, zan tafi da ita, Baba. Mu yi haka?"

Ya ce, "Mun yi."

Ana cikin kallon, mutumin bidiyon ya ɗaga silindar ya girgiza, abin cikin ya yi ƙwal-ƙwal. Makaniki ya yi tsaki.

"Kin ji ko? Aikin ganganci. Fistin yana rawa a silinda, ai inji ya mutu ke nan."

"Baba, cewa ya yi da gangan ne. Wai a bar shi sako-sako, kada ya taɓa bango, don iska ta riƙa bi ta gefensa. Kuma kada a sa masa mai."

"Ƙarfe a kan ƙarfe ba mai? Auta, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tun ba a haife ki ba nake haɗa inji. Ki bar min wannan."

Washegari ta koma gidanta.

Gaskiya Makaniki ya yi aiki mai kyau. Ya samo tsohuwar tukunyar kashe gobara ya yanke ta, ita ce babbar silinda. Ƙaramin fistin ya ciro daga injin babur. Faifan birkin mota ya zama faifan juyi, ɗan injin fankar lagireto ta zama abin ba da wuta. Waldarsa ko allura ba za ta shiga ba. Da ya zo kan abin cikin nan, sai ya kai aka fafe masa ƙarfe mai kauri daidai bakin silindar, ya sa masa ringi, ya shafe shi da giris. Ya tura, ya ji ya shiga da ƙyar. Ya yi murmushi, don haka inji mai lafiya yake ji a hannunsa.

Ya hura wuta. Silindar ta yi zafi. Ya murza faifan, ya yi rabin zagaye, ya dawo baya kamar an ture shi.

Ya sake murzawa. Haka dai.

Kafinta ya leƙo ta kan katanga. "Maigida, me ake dafawa ne? Tun safe nake jiran a miƙo min nawa."

"Kai dai ka san guduma da ƙusa. Wuta ce ta yi kaɗan. Ƙaro min katako."

Kafinta ya ƙaro. Guntayen akwai masu fenti, akwai masu gam, duk Makaniki ya tura su murhu. Hayaƙin ya zama baƙi, mai ɗaci, ga ƙaurin giris yana ƙonewa. Rumfar kwanon ta hana shi tashi sama, sai ya kwanta a tsakar gida ya bi tagogi.

Kullum haka. Ya kwance, ya duba, ya canza ringi, ya ƙara matsewa, ya ƙara wuta. Duk abin da ya sani a sana'arsa ya gwada. Sassauta abin cikin nan ne kawai bai gwada ba, don a wurinsa nan ne kaɗai babu matsala.

Matar ta rufe tagarta, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. In tari ya zo sai ta danna fuskarta a matashi don kada ya ji. Tana ganin yadda ya rame, yadda yake zama ya zuba wa faifan ido. Ta san in injin nan bai tashi ba tafiya ce, ita kuma ba ta son tafiyar. In ya tambaye ta jiki sai ta ce, "Da sauƙi, sanyi ne kawai." Na'urar da take kunnawa jefi-jefi ta koma kullum, batirin kuma yana ta sauka.

Wata safiya ta ce masa, "Baban Auta, ko za ka kai batirin nan caji? Na ga fitilar ta yi ja."

Ya ce, "Yau ba sai an kai ba. Yau zai tashi. Na gano abin, zafi ne ba ya isa."

Ranar ya cika murhun fal. Da la'asar yana durƙushe yana fifita, sai ya ji ƙarar kofi ya bugi ƙofa daga ciki. Ya shiga da gudu. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, bakinta a buɗe, ƙirjinta na kuka kamar usur. Ba ta iya kiransa ba, shi ya sa ta yi jifa.

Ya sa mata abin shaƙar, ya danna. Na'urar ta yi gurnani kaɗan ta ɗauke. Ya sake dannawa. Ya cire wayoyin batirin ya goge ya mayar. Babu komai a ciki. Mutumin da ya tayar da motocin da aka fid da rai da su, ga shi tsaye da sifana a aljihu, matarsa na neman iska, ba shi da abin da zai kwance ko ya ɗaure.

Ihu kawai ya iya. Kafinta ya shigo, suka ɗauke ta suka sa a motar da yake ɗaukar katako, suka nufi asibiti. Duk hanya Makaniki na riƙe da kanta yana cewa, "Ja numfashi, Maman Auta, ja," kamar ita ce ta ƙi.

Allah ya sa da sauran kwana. Bayan an shawo kan abin, likitar ta fito ta same shi a baranda.

"Baba, da me kuke girki a gida? Har gashin kanta ƙaurin hayaƙi yake yi."

Ya dubi rigarsa da ta yi baƙi ƙirin.

Auta ta iso da safe. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Baba, daga nan za mu wuce. Na sa an haɗo mata kayanta."

"Ki ba ni ɗan lokaci. Saura kaɗan."

"Likita ta ce ƙirjinta ya ji jiki. Ta ce ko ƙaurin ashana kada ta shaƙa. Ni ba ni da wata uwar, Baba."

Da za su shiga mota matar ta kama hannunsa. Muryarta ta dushe. "Cokula suna cikin durowar hagu," ta ce. Motar ta tashi.

Ya koma gida ya tarar da shi shiru. Kwanaki bai kalli rumfar ba. Daga baya Kafinta ya ce, "Kawo tarkacen nan shagona, kada ka riƙa ganinsa kullum. In masu sayen ƙarfe sun zo mu ba su."

A shagon ne Makaniki ya ce bari ya ciri abin da zai yi amfani. Ya buɗe babbar silindar. Fistin ɗinsa mai ringi ya kafe, giris ya ƙone ya zama kamar kwalta. Sai da guduma ya fito, ya fito a lalace. Ya kankare cikin silindar tas, don hannunsa bai iya barin ƙarfe da datti ba.

A kan teburin Kafinta akwai wani dogon gwangwani da ake zuba ƙusoshi. Makaniki ya daɗe yana kallonsa. Ya juye ƙusoshin, ya zura shi a silindar. Ya faɗa ciki salin alin. Ya girgiza, ya yi ƙwal-ƙwal.

Kafinta ya ce, "A'a, Maigida, yau kai ne da aikin ganganci?"

Makaniki ya liƙe bakin gwangwanin, ya sa masa siririyar sanda, ya mayar da komai, bai ɗiga ko ɗigon mai ba. Ya zuba ruwa a sama. Ya hura 'yar wuta da busassun guntaye, wadda ko shayi da ƙyar za ta dafa. Ya jira, ya taɓa faifan da yatsa.

Faifan ya zagaya. Ya sake zagayawa. Ya ci gaba shi kaɗai, cak, cak, cak, a hankali, sannan ya ɗau sauri. 'Yar fitilar caji ta kama.

Kafinta ya yi tsalle yana tafi. Makaniki kuwa zama ya yi a kan buhun dusar katako, ya rufe fuska da hularsa. Wutar da ke ƙarƙashin injin ko hayaƙin kirki ba ta yi.

Da ya natsu ya kira Auta. "Ya tashi," ya ce. "Yadda kika faɗa. Kuma ba a gida yake ba, yana shagon Kafinta. Batirin kawai zan riƙa kaiwa. Ki dawo min da ita."

Auta ta ce, "Baba, na yi maka murna, wallahi. Amma yanzu ba na'urar kaɗai ba ce. An ƙara mata wasu magunguna, kuma asibitin nan suna son ganinta a kai a kai. Sun ce ba wannan shekarar ba."

"To ba ni ita."

Ya kara wayar kusa da faifan. Can ya mayar da ita kunnensa, ya ji numfashinta, har yanzu da ɗan usur a ciki.

"Kin ji shi?"

"Na ji," ta ce. "Kada ka kashe wayar tukuna. Bar shi ya yi ta yi, ina saurare."

Ya tsaya riƙe da wayar a jikin injin har hannunsa ya gaji, ya canza hannu.

Yanzu kullum batirin a cike yake. Maƙwabta na kawo wayoyinsu caji, suna yaba basirar Makaniki. Da yamma yakan ɗauki batirin ya kai ɗakinta, ya ajiye a gefen gado, ya buɗe tagar.

Darasi: Ƙwarewa ni'ima ce, amma ba kowane aiki ne yake bin dokar sana'arka ba. In na ƙasa da kai ya ce ba haka ake yi ba, gwada maganarsa kafin ka yi tsaki, don sau da yawa ba mai girman kan ne yake fara shan wahalarsa ba, wanda yake kusa da shi ne. Kuma in kana yi wa mutum hidima, ka riƙa ɗaga kai kana duban halin da yake ciki. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake ƙara wuta a yau, alhali sassautawa ake bukata.