Harafin da Aka Sassaƙa a Ƙofar Shaihu

Allah ya ji ƙan Shaihunmu, alimi, zahidi, waliyyin Allah, wanda ya haɗa ilmin Alƙur'ani da hikimar magabatan Sin, ya koya mana zama shiru a kan tabarma muna tsabtace zuciya shekara da shekaru, har wayewa ta faɗo wa bawa farat ɗaya.

Ni, mai suna Na Wenqing, tsohon malamin makaranta, ina zaune gabansa a shekarun tarzoma, ranar da wani ɗan ƙauyenmu, Ha Deming, ya shigo da samari, riƙe da bakin wuta, zai ƙone littattafai. Shaihu, Allah ya yarda da shi, bai daina niƙa tawada ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, wa ke riƙe da wutar nan?" Sai ta mutu, alhali ko ganye ba ya motsi. Aka sake kunnawa, ta sake mutuwa. Deming ya dubi hannunsa, ya durƙusa yana kuka, ya zauna cikin hidimar Shaihu har mutuwa. A ranar da wutar ta mutu, Shaihu ya rubuta masa harafin Sinanci guda, wu, mai alamar zuciya a gefe, wato farkawa.

Bana kwamitin ƙauyenmu ya kafa dutsen tunawa a ƙofar ɗakin Shaihu, wanda tun ranar ake kira Ɗakin Farkawa. Wu ɗin da suka sassaƙa mai alamar magana ne, wanda ke nufin kuskure. Furuci ɗaya, ma'ana daban. Ɗakin Farkawa ya koma Ɗakin Kuskure.

Na sami shugaban kwamitin, jikan Deming, yaron da ni na koya wa riƙon alƙalami. Ya zuba mini shayi, ya ce baƙi hoto kawai suke ɗauka, ba mai karantawa. Na ce ni na karanta. Ya yi dariya. "Haba Malam, har yanzu makin jarrabawa kake ba mu? Duk wu ne. Sha shayinka kafin ya huce."

Ban sha ba. Ba gyaran fenti nake nema ba. A tumɓuke dutsen, a sassaƙa sabo, a nemi gafara gaban jama'a ranar Juma'a. Waɗanda suka ga wutar nan ta mutu duk sun rasu sai ni, idona kuma yana dushewa. Bayana ba mai cewa ƙarya dutsen yake yi.

Ya Allah, ka haskaka makwancin bawanka salihi, ka ba mu albarkarsa. Haƙurinsa kam ban gada ba, a yafe mini.