Gumin da Malam Ya Ara

Da sunan Allah Mai jinƙan bayinSa a ɓoye da bayyane, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Duk wanda ya taɓa zama gaban Shehinmu, masanin Allah, ma'abocin zuhudu da tawali'u, Allah Ya ƙara masa yarda, ya san ilminsa kogi ne da ba a hango gaɓarsa, tsoron Allahnsa kuwa ya fi ilmin zurfi. Siririn dattijo ne mai sanyin murya da sanyin jiki, wanda ko a ranar da zafi ke narkar da kwalta ba a taɓa ganin ɗigon gumi a goshinsa ba. A riƙe wannan da kyau. Maza sun fi son ba da labarin karamominsa na ruwan sama da na ɓarayi, wannan kuwa ba su cika saninta ba, don ta cikin ɗaki ce, su kuma ba su ke wanke zanin gado ba.

Gida uku ne tsakanin Malam, wato Shehin namu, da wata gwauruwa da kowa ke kira Mai Ɗinki. Ɗakinta na gaba shi ne shagonta: keke baƙi mai feda a gindin taga, almakashi ɗaure da igiya don kada maƙwabta su ara, tef ɗin awo rataye a wuyanta tun safe har magariba. Mace ce mai hannu da baki, duka biyun da kaifi. Shekara goma sha ɗaya tana fama da ciwon gaɓɓai, irin wanda ba ya kashewa kuma ba ya sallama. Ta saba da shi kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai yawan ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da ta kasa sabawa da shi gumi ne. Shekara huɗu da suka wuce ya sauko mata. Da rana yakan tsatso daga tafin hannunta har allura ta riƙa sulɓewa, da dare kuwa sai ta farka ta ji kamar an tsamo ta daga rijiya: riga sharkaf, matashi sharkaf, katifa ta sha har ta ƙoshi, sannan sanyi ya biyo baya ya shiga ƙasusuwan da dama ciwo suke. Sau uku a kowane dare take tashi, ta sake riga, ta juya matashi, ta shimfiɗa tawul, ta kurɓi ruwa, ta kwanta tana jiran na gaba. Kafin gari ya waye ta wanke komai ta shanya a bayan ɗaki, inda ido ba ya kaiwa, don tana jin kunyar a ce babbar mace kamarta tana jiƙa shimfiɗa. Likita ma da take zuwa wurinsa duk wata, gwiwa da kafaɗa take faɗa masa, ta haɗiye sauran.

Wanda bai yi barci da dare ba, rana za ta karɓi hakkinta. Wata ranar ta yi gyangyaɗi ƙafarta na kan feda, allura ta ratsa farcen babban yatsanta. Babban ɗanta, direba ne, ya tarar da ita tana naɗe yatsan da ƙyalle.

"Mama, wannan na nawa ke nan?"

"Kai aka sa ƙirga?"

"Na uku ne. Idanunki kamar an zuba musu barkono. In wata ya ƙare ba ki fara barci kamar mutane ba, wallahi da mota zan zo in ɗauke keken nan."

"Keken da ya saya maka wandon farko? Zo ka ɗauka, ka haɗa da ni, ka ga in bayan motarka zai iya."

Ta faɗa da ƙarfi, amma da ya fita ta daɗe tana shafa kan keken. Ta san ɗan nan, taurin kanta ya ɗebo. Ta kuma san in aka raba ta da keke, ba abin da zai rage mata sai ita da ciwo su zauna suna kallon juna.

A makon nan ne matar Malam, wadda suke kiran juna Yaya da Ƙanwa, ta kawo farin yadi a ɗinka wa Malam riga. Mai Ɗinki ta wanke hannu ta goge kafin ta taɓa shi, ta ajiye tsumma a cinya tana share tafi bayan kowane layi. Saura bakin wuya kawai barci ya sace ta. Da ta farka, hannunta na kwance a ƙirjin rigar ta hagu, ga shatin tafinta nan, yatsu biyar cif, rawaya-rawaya, gumi ya gauraya da man keke. Ta wanke da sabulu, ta jiƙa, ta sake wankewa, ta bi da dutsen guga. Tabon ya ce yana nan.

Ba ta aika kowa ba. Ta naɗe rigar ta ɗingisa har gidan, ta durƙusa a bakin ɗakin karatu, matar Malam na tsaye a gefenta. Shehinmu, Allah Ya haskaka makwancinsa, yana zaune cikin littattafai, hasken taga na sauka a kan takardar da ke hannunsa.

"Allah Ya gafarta Malam, na ɓata maka riga. Gumina ne, ba zan laƙa wa kowa ba. A ba ni kwana biyu in sake wata."

Ya warware rigar, ya daɗe yana duban tabon, sannan ya ɗora tafinsa a kai kamar mai gwada awo.

"Gumi ba najasa ba ne, baiwar Allah. Nan ne ma ɗinkin ya fi kyau." Ya ɗago ya dube ta. "Sau uku kike tashi."

Ba tambaya ya yi ba. Ta waiga ta harari matar Malam, ita kuwa ta ɗaga hannuwa alamar ba ruwanta, kuma gaskiyarta, don ba wanda ya sani.

"Malam, ni ban zo neman tofi ba."

"Na sani. Irinki ba a ba su, sai dai a ara a wurinsu. Za ki ara mini?"

"Me gare ni? Almakashina dai ba ya fita."

"Abin da ya yi miki yawa."

Dariya ta kuɓuce mata. "In shi ne, ɗauki, Allah Ya sa ka manta ba ka maido ba."

Ya yi murmushi ya koma kan takardarsa. Ranar Laraba ce.

Daren nan ta yi shirinta na kullum: riguna uku a ninke a kan kujera, tawul biyu, kofin ruwa a ƙasan gado, taga a buɗe rabi. Ta kwanta tana sauraren jikinta, tana jiran zafin nan da ke tasowa daga ƙirji ya haura wuya. Tana cikin jira sai ta ga kanta a wani dogon titi da ba ta sani ba, an ja igiyoyin shanya daga wannan gefe zuwa wancan, kuma duk abin da ta taɓa ɗinkawa a duniya yana rataye a kai: rigunan jarirai, kayan makaranta, labulaye, wandon ɗanta na farko mai aljihu ɗaya. Duk a bushe suke, iska na kaɗa su a hankali, suna shafar fuskarta da ƙamshin rana. Tana tafe ba ɗingishi. A ƙarshen titin akwai ruwa shimfiɗe, shiru, ba igiya ba kumfa, wani mai farar riga yana ratsa shi, ruwan ya kai masa ƙirji, ya ɗora kekenta a ka yana riƙe da hannu biyu don kada ya jiƙe. Ta buɗe baki za ta ce ya yi hankali da feda, sai ta ji muryar ladan.

Asuba ce. Ta shafa wuya, a bushe. Ta shafa matashi, a bushe. Riguna uku na nan a ninke kamar yadda ta bar su. Gwiwa ta gaishe ta da ciwonta na kullum, ba abin da ya ragu a nan, amma kanta wasai, kamar ɗakin da aka share aka buɗe tagoginsa. Shekara huɗu rabonta da jin haka. Ta yi salla, ta zauna a kan darduma, ta rasa abin da ake yi da asubar da ba wanki a cikinta.

Da hantsi ta shiga gidan Malam, ta tarar da matarsa a gindin igiya tana matse farar rigar, ruwa na zuba a bokiti.

"Yaya, rigar jiya har ta isa wanki?"

"Wane wanki, Ƙanwa? Ban runtsa ba. Shekara arba'in ina tare da bawan Allahn nan ban taɓa wanke masa gumi ba, har tsokanarsa nake ko jikinsa na katako ne. Jiya da rigar nan ya kwana. Sau uku yana tashi sharkaf yana rawar sanyi, in matse, in miƙa masa wata, ya ce a'a, wannan ɗin dai. Na ce mu tafi asibiti, ya ce kayan aro ne, da safe zai mayar."

Mai Ɗinki ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta nufi ɗakin karatu, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Malam na zaune lulluɓe da mayafi, fuskarsa ta faɗa, idanunsa sun yi ja irin jan da ta sani a madubi.

"Malam, ba ni kayana."

"Da yardarki na ɗauka."

"Wasa nake! Kai tsoho ne, jama'a na jiran karatunka. Ni na saba, kai ina ka iya?"

"Dare ɗaya cikin bakwai. Sauran shidan naki ne, da ladansu, ba zan taɓa miki ba." Ya gyara mayafinsa. "Amma akwai sharaɗi. Ki koma wurin likita ki faɗa masa duka. Wanda kika ɓoye wa rabin ciwo, rabin magani zai ba ki."

Mai Ɗinki ta sunkuyar da kai. Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Ta je. Da ƙyar maganar ta fito, tana kallon ƙasa, likitan kuwa ko gira bai ɗaga ba, sai faɗa da ya yi mata na shekara huɗun da ta yi shiru. Ya sa aka auna jininta, ya duba ƙwayoyin da take sha, ya ce ɗaya daga cikinsu na iya jawo haka, ya sauya mata. Ya ce ta bar kayan roba ta koma na auduga, ta rage shayi mai zafi in dare ya yi. Ta ɗinka wa kanta rigunan barci masu faɗi, ta daina shanya a ɓoye. Tashi uku ya koma biyu, wani daren ɗaya. Bai tafi duka ba, ciwon ma bai tafi ba, kuma duk wanda ya ce muku ta warke sarai ƙari ya yi. Amma daren Laraba nata ne, takan kwanta ta bi titin igiyoyi har asuba, barcin dare ɗayan nan kuma yakan riƙe ta mako guda kamar yadda ɗinkin ciki ke riƙe riga.

Ƙarshen wata ɗanta direba ya zo da mota kamar yadda ya rantse. Ya tarar da keke na gudu, uwarsa na zura zare a allura karo ɗaya ba kuskure. Ya leƙa idanunta.

"Mama, me kika sha?"

"Barci. Tunda ka zo da mota, ɗauki keken ka zaga da shi layi ka dawo mini da shi, kada rantsuwa ta ci ka. Ka yi hankali da feda."

Haka kuwa aka yi, maƙwabta na dariya.

Shekara shida ana haka, duk safiyar Alhamis farar riga mai shatin hannu na ɗiga a igiyar gidan Malam, bai taɓa ambata wa kowa ba, matan biyu ma suka kama bakinsu. Sannan Allah Ya karɓi abinSa. Larabar farko bayan rasuwarsa Mai Ɗinki ta ninke riguna uku a kan kujera, ta ce a ranta mai aro ya tafi, kaya sun dawo wa mai su, ba ta da abin cewa sai godiya. Ta kwanta tana jira. Sai ga titin, sai ga igiyoyin, ga ruwan can a ƙarshe, shiru. Ladan ne ya tashe ta, a bushe.

Rana ba ta gama fitowa ba aka ƙwanƙwasa ƙofar shago. Matar Malam ce ta aiko a kira ta, don tana cikin takaba. Ta same ta zaune gaban akwatin da ta adana kayan mijinta, murfin a buɗe. Duk abin da ke ciki a bushe yake, sai farar rigar da ke can ƙasa a ninke, ita kaɗai, sharkaf. Ɗaya ta kama wuya, ɗaya ta kama ƙasa, suka matse ta tare suka shanya. Daga nan Mai Ɗinki ta koma ta hau kekenta, don akwai kayan mutane da ke jira.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya yi wa bawanSa na baiwa, Shi ne Mai bayarwa, Shi ne Mai warkarwa, waliyyi bai mallaki komai ba sai abin da aka ba shi. Allah Ya jiƙan Shehinmu, Ya sanyaya kabarinsa kamar yadda ya sanyaya wa wata dare, Ya ɗaukaka darajarsa cikin salihai. Masu juyi a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa suna jiran asuba, waɗanda ba wanda ya san da su sai Kai, ya Allah Ka ba su sauƙi da barci, mu kuma Ka sa mu cikin albarkar bayinKa na gari. Amin.