Ƙwan Zabuwa a Ƙarƙashin Kaza

Dalilin da ya sa zabuwa ke zuba ƙwai ta bar wa kaza wahalar kwanci, ba lalaci ba ne, ko da yake na ji ku jiya kuna zaginta. Ku matso in gaya muku. Kai Ɗanlami, fitar da hannunka daga ƙwaryar nan, ina ganinka.

A da can, zabuwa ba ta san gidan mutum ba. A kurmi take, kuma babu uwar da ta kai ta riƙon 'ya'ya. Kurmin nan yana bayan dutsenmu, inda yanzu ko inuwar da akuya za ta fake babu. Dogayen itatuwa ne masu ganye sirara kamar tsintsiya, ƙarƙashinsu cike da gada da zomo da makwarwa.

A bakin kurmin akwai bukkar wani mai ɗana tarko, Jatau, da matarsa Tasalla, da 'yarsu Kyauta, wadda ita ce kakar kakata. Talauci kam sun sha shi. Zanen Tasalla ɗaya, in ta wanke sai ta zauna ɗaki har ya bushe. Dukiyarsu kaf wata kaza ce ja mai ƙafa ɗaya da rabi. Amma kurmi bai taɓa barin su kwana da yunwa ba, yau zuma, gobe zomo, jibi ganyen miya.

Sai masu gatari suka zo, masu gawayi na biye da su. Gada ta fara tafiya, zomo ya bi, makwarwa ta daina kuka da safe. Jatau ya riƙa dawowa da tarkonsa wayam. Bazara ta kama, rumbu ya ƙare har ƙasa.

Wata rana Kyauta ta je itace, sai ta iske zabuwa kwance a kan ƙwai a gindin wani kututture, hayaƙin gawayi na turnuƙe ta.

Zabuwa ta ce, "'Yar nan, kada ki jefe ni. Dangina duk sun tafi, ni ƙwan nan ya tsare ni. Gobe gatari zai iso nan, ga shi ba ni da hannun ɗauka. Kuna da kaza a gida?"

Kyauta ta ce, "Muna da ita, amma gurguwa ce."

"Ai kwanci ba da ƙafa ake yi ba. Ki kai mata su. In kun haƙura ba ku ci ba, 'ya'yana za su ciyar da ku, su ciyar da jikokinku. Amma abu biyu na roƙe ki. In sun fara zuba, kada a sa hannu a gurbinsu, a ɗauka da ludayi. Kuma kada a kwashe tas, a bar ɗaya."

Kyauta ta jera ƙwan a ƙwarya, ta rufe da ganye. Zabuwa ta tashi firr, ta yi gabas, ba ta waiwayo ba.

Da Jatau ya ga ƙwaryar sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Tasalla, ɗora ruwa."

Kyauta ta rungume ƙwarya ta ce, "Baba, amana ce aka ba ni."

Ya ce, "Amanar tsuntsu? Ke, cikinki bai gaya miki kome ba? Rabon da mu ga tuwo fa tun shekaranjiya."

Kada ku ga laifinsa, yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. Tasalla ta daɗe tana kallon ƙwan, ita ma yawunta na tsinkewa. Can ta ce, "Malam, kazarmu na kwance a kan nata guda uku. Mu dafa waɗancan mu lallaɓa cikinmu, mu sa mata waɗannan. In mun cinye duka yau, gobe fa?"

Haka aka yi. Kaza ta yi ta ƙorafi, ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙwai mai taurin kai irin wannan ba, amma ta kwanta.

Lokacin ƙyanƙyasar kaza ya zo ya wuce, shiru. Suna ta cin tafasa da rama ba gishiri. Jatau ya ce, "To ga shi nan, sun zama bara-gurbi. Ba mu ci ba, ba mu samu ba." Kyauta ta koma bayan bukka ta yi kuka har ta gode Allah. Kazar ma ta rame, ta so tashi, Tasalla ta riƙa tauna ɗan ƙanzon da ya rage tana ba ta a baki.

Ana nan, wata safiya sai suka ji tsiyau-tsiyau. 'Yan zabi ne cike da akurki, masu zane a ka, suna ta tsere tsakanin ƙafafun gurguwa. Jatau ya cire hula, sai ya fita neman gara ya kawo musu.

Da wata damina ta kewayo, zabi suka fara zuba a cikin ciyawa. Kyauta ta riƙa bi da ludayi, tana barin ɗaya. A ci, a kai kasuwa a musanyo dawa, har Tasalla ta yi zane na biyu. Da ƙwan nan Kyauta ta girma, da shi ta yi goyo, ga mu nan har mun kawo ku. Ni dai in na tuna, ba abin da nake cewa sai Allah Ya saka wa tsuntsuwar nan.

Su kuwa zabin, tun da ba ɗumin uwarsu suka sha ba, ba su koyi zama a kan ƙwai ba. Uwar kuma ba a sake ganinta ba, don kurmin da za ta dawo ya zama gawayi.

Shi ya sa har yau kaza ce ke yi wa zabuwa kwanci, kuma ko ka gina wa zabi akurki, da yamma sai sun haye bishiya suna leƙen bayan dutse. Ku daina jifansu. Duk abin da ya rage na kurmin nan, su ke nan suna yawo a tsakar gidanmu. Tashi, Ɗanlami, ɗauko ludayi, ka kuma bar mata ɗaya.