Shekara da Ƙwaron Tsinke

A zamanin da kurmin Gulbin Baƙi bai san gatari ba, yaƙi ya cinye mazan wani ƙauye. Wata 'yar maharbi mai suna Shekara, mai riƙe baka wadda ba ta iya zama wuri ɗaya, ta kwashi mata da yara da ragowar shanu ta yi daji da su. Duk inda suka yada zango, ƙudan tsando sai ya kashe musu saniya, su sake ɗaura kaya. Matan suka gaji, har suka fara maganar komawa su miƙa wuya ga waɗanda suka kashe mazansu. Wannan magana ta hana Shekara sukuni.

Ta riƙa bin ƙudan kamar yadda ubanta ke bin sawun ɓauna. Ta gano ba ya yin ƙwai. Tsutsa ɗaya tak macen ke haifa, ta ajiye a ƙasa mai laima ƙarƙashin inuwar kurmi.

Ana nan, gwaggonta Delu, tsohuwa mai gardamar tsiya, ta tsinci wasu 'yan ƙwayoyi a gindin wata bishiyar geza. Ta rantse riɗin daji ne, ta adana a gora don shuka. Da damina ta faɗi ta buɗe, sai ga tsinkaye suna tafiya da ƙafafu! Ashe ƙwan wani ƙwaro ne mai kama da busasshen tsinke. Shekara ta raine su, ba namiji ko ɗaya, amma suka girma suka zuba ƙwai, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe.

Ranar da matan suka ɗaure kayan komawa, Delu ta ce, "'Yar nan, haƙura. Gari ba ya kafuwa ba maza."

Shekara ta juye goran a gabansu. "Gwaggo, ina mijin waɗannan? Shi kuwa ƙudan, inuwa ce uwar goyonsa. Ku ba ni gatari."

A al'adarsu mace ba ta sare itace. Delu ta yi ta mita, amma ita ta fara sara. Suka sare itatuwan da suka rufe mashayar shanunsu, rana ta gasa ƙasa, tsando ya ƙaura. Gezar da Delu ta tsinci ƙwayoyin kaɗai suka bari.

Garin da suka kafa a wurin shi ne Tsinkawa. Har yau mata ke share mashaya duk shekara, maza na gefe da tulunan ruwa. Kuma ba mai karya tsinke a gezar nan sai ya hura masa iska, ya ga ko zai motsa.