Kan Jirgin da Aka Tura Lungu

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu ta Kiaracondong, a nan Bandung, ana ce mata Mama Imas. Tela ce, mai ɗinkin kayan amare. Gidansu na bayan tashar jirgin ƙasa, irin gidan nan da in jirgi ya wuce sai kofunan shayi sun yi rawa a kan kanta.

Mijinta, Malam Tatang, direban jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya. Amma ritayar ba ta raba shi da jirgi ba. Ya shiga ƙungiyar masu haɗa ƙananan jirage, waɗanda kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannu ba, amma yana tafiya a kan dogo da wutar lantarki, da fitilarsa, da kukan injinsa, har da hon.

Na san wani zai ce wasan yara ne. To, ka zo ka ga dattawa masu furfura kwance a ƙarƙashin tebur suna musu a kan jar waya da baƙa, sannan ka faɗa.

Al'adar ƙungiyar ita ce kowa ya gina teburinsa a gida. Wani ya yi tasha, wani gonakin shinkafa, wani kasuwa. Sau ɗaya a shekara sai a kwaso su zuwa babban zaure, a jona, su zama layi ɗaya, jama'a su zo kallo.

Malam Tatang gadar Cikubang ya zaɓa, kuma da dalili. Ƙauyen su Imas a gindin gadar yake. Lokacin yana saurayi, duk sanda ya hau gadar sai ya danna hon, doguwa ɗaya, gajeru biyu, don ta san shi ne. In ya zo zance, kafin gaisuwa ma sai ya tambaye ta ko ta ji.

Ya gama saman teburin tsaf: gada, kwari, bishiyoyi, 'yan gidaje. Saura wayoyin ƙasa, waɗanda za su kai wuta ga dogo. A nan ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ma ta tafi.

Ciwon bai tsorata Mama Imas kamar yadda sakin ran mijin ya tsorata ta ba. Likita ya ce a riƙa motsa hannun hagu, ya ƙi. Abinci sai da lallashi. Ya sa aka juya masa kekensa na marasa lafiya ya ba teburin baya, ya fuskanci bango. Mutum yana narkewa a gabanta tana kallo.

Wata safiya ta ajiye almakashi, ta juyo da keken da ƙarfi.

"Malam Direba, ka saurare ni. Ranar baje kolin bana kai za ka haye gadar nan da jirginka, a gaban mutane. Ni na yi maka alkawari."

Ya dube ta, ya dubi hannunsa. Ta ce ai yanzu da wayar hannu ake tuƙa su, babban yatsa ɗaya ya isa, wayoyin ƙasa kuwa ita za ta haɗa. Wallahi a ranar ba ta san ko ta wane gefe ake riƙe ƙarfen narka dalma ba.

Haka ta shiga ƙarƙashin tebur da tabarau da 'yar tabarmarta. Ta ƙona yatsu, ta ƙona gefen mayafi. Ranar da ta juya jar waya da baƙa, tana kunna na'urar da ke ba dogo wuta sai ta yi ƙara ta ɗauke. Tana zaune ta rasa inda laifin yake, sai ta ji ƙwas ƙwas. Malam Tatang ne, da cokali a hannun hagu, yana bugun kofi yana zare mata ido.

Ta leƙo ta ce, "Oh, ashe kana nan? Da bakinka na aiki da yau na sha zagi."

Ɓarin bakinsa ya motsa. Rabonta da ganin murmushinsa tun kafin asibiti.

Daga nan suka samu yare. Bugu ɗaya, daidai. Bugu biyu, warware ki sake. Kuma mutumin nan bai da sassauci ko kaɗan. Kowane guntun dogo sai ta liƙa masa wayarsa ta kansa. Ta ce ko amaryar da ta fi kowa iyayi ba ta taɓa sa ta farke ɗinki haka ba. Damina ta shigo ta same su a kai, ta kusa fita suna kai.

Bari in yi muku bayanin abu ɗaya, don a kansa labarin ya juya. Kowane kan jirgi yana da 'yar ƙwaƙwalwa a cikinsa, da lambarsa. Duk suna kan dogo ɗaya, wuta ɗaya, amma wanda ka kira lambarsa a waya shi kaɗai zai motsa. In za a ba sabon kai lamba, sai a ɗauke shi a ɗora a kan wani guntun dogo daban, shi kaɗai. Dokar ke nan. Domin tsohuwar na'urar ƙungiyar, in ka aika lamba ta babban layi, duk kan da ke zaune a kai sai ya ɗauka tasa ce.

Malam Tatang yana da irin wannan guntun dogo a kan katako, da 'yar na'urarsa ta gida. Ranar tafiya ya yi ta bugun kofi har sai da Mama Imas ta saka su a jaka, tana mita cewa kaya sun yi yawa.

Shugaban ƙungiyar shi ne Alhaji Dudung, mai masaƙar yadi. Ba mugu ba ne, a gaskiya, yana kashe wa ƙungiya kuɗi. Amma mutum ne da in ya shigo wuri sai kowa ya san ya shigo. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin gadar, ya tambayi wanda ya haɗa wayoyin. Da aka ce Mama Imas ce, sai ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Baiwar Allah, wannan fa ba zare da allura ba ne. Waya ɗaya ta haɗe, zauren nan gaba ɗaya ya mutu. Ba zan sa aikin ɗan koyo a tsakiyar layi ba."

Wani likitan haƙori a ƙungiyar, Likita Hendra, ya ce a gwada mana tukuna. Alhaji ya ce babu lokaci. Ya sa aka kai teburin can lungu, kusa da ƙofar banɗaki, aka jona shi a matsayin reshe. Ya kashe makunnin da ke ba reshen wuta da hannunsa, ya manne shi da salatif. Tsohon kan jirgin Malam Tatang kuma ya ce a bar shi a can kan gadarsa. In an tashi, mutane sun watse, sai a ba Baba ya ɗan taɓa.

A gaban Malam Tatang ya faɗi haka, kamar kujera ce a wurin.

Mama Imas ta ga kan mijinta ya sunkuya, irin sunkuyon nan na fuskantar bango. Ranta ya ɓaci matuƙa. Tana da baki, duk unguwa an sani. Amma ta lura in ta yi faɗa, abin da mijinta zai tuna da ranar ke nan. Ta haɗiye. Ta gyara masa hula, ta buɗe kwanon bala-bala, wato ƙosan kayan lambu, mai zafi da ta soyo, ta bi kowa da shi. Har Alhajin ya ɗauki biyu, bai ko dube ta ba.

Ana gab da buɗe ƙofa, Alhaji Dudung ya fito da abin da ya ɓoye: sabon kan jirgi fil daga Jamus, ko leda ba a cire ba. Shi yake so ya buɗe taro. Sai dai ba a ba shi lamba ba tukuna, guntun dogon ƙungiya kuma an manto shi a sito.

Mama Imas ta ji ana cigiya, ta ɗauko nasu daga jaka, ta miƙa da hannu biyu.

"Alhaji, ga na Malam, in zai yi."

"Bar shi kawai. Na fi shekara ashirin ina wannan harka."

Likita Hendra ya tuna masa cewa jiragen kowa suna kan layi. Alhaji ya ce ya san madannin da zai taɓa. Ya ɗora sabon kai a babban layi, ya latsa, ya ba shi lamba ɗaya. To, wace lamba kuma za ta dace da shi?

Ya kira lamba ɗaya, ya tura gudu.

Jama'a, duk wani kan jirgi da ke zauren nan ya amsa. Na tasha, na gona, na kasuwa, na jiran layi, kowa ya zabura lokaci guda, wasu gaba wasu baya, duk suna hon. Na ɗaukar gawayi ya shiga cikin na fasinja. Taragu suka kife a gonar shinkafa. Sabon na Jamus ya yi karo da wani a kan mahaɗa, ya kwanta a gefe ƙafafunsa na juyawa. Kafin Likita Hendra ya kai ga kashe wuta, an gama ɓarna.

 Yanzu duk jiragen sunansu ɗaya, ba wanda za a iya kira shi kaɗai. Sai an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya an mayar wa kowa lambarsa. Ga shi masu gadi sun riga sun buɗe ƙofa. Iyaye da yara suka cika wuri, suka jeru a bakin igiya, suna kallon dogo babu abin da ke motsi. Alhaji Dudung ya tsaya da waya a hannu, gumi har cikin kwalar rigarsa.

Likita Hendra ne ya waiwaya lungu. Can a kan gada, kan jirgi ɗaya na zaune lafiya lau. Lambar Alhaji ba ta kai gare shi ba, don babu wuta a reshen. Alhajin da kansa ya kashe.

Likita ya ce a kwashe komai daga layi. Ya taka har lungu, ya ɓare salatif, ya dubi Mama Imas. In akwai kuskure ɗaya a wayoyinta, yanzu duniya za ta gani. Ta yi bismillah ta kunna. Na'ura ba ta yi ƙara ba. Fitilar kan jirgin ta kawo, injin ya fara kuka a hankali.

Ta durƙusa a gefen keke, ta riƙe wa mijinta waya.

"Malam Direba, fasinjoji na jira."

Ya ɗora babban yatsansa a kai. Karon farko ya zame, jirgin ya yi tsalle ya tsaya, wasu suka yi dariya. Malam Tatang ya ja numfashi, ya sake ɗora yatsa. Wannan karon jirgin ya tashi a hankali, yadda direban gaske ke tashi, ba fizga, taragu na bin sa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka baro tsakiyar zaure suka yo lungu, har masu fitowa daga banɗaki suka rasa hanya.

Da kan jirgin ya kai tsakiyar gada, yatsan ya matsa gefe. Hon ya tashi. Doguwa ɗaya, gajeru biyu.

Zaure ya ɗauki tafi. Su hon kawai suka ji. Mama Imas kuwa ta rufe fuska da mayafinta mai ƙunar dalma, kafaɗunta na girgiza. Malam Tatang ya juyo da ƙyar, bakinsa ya yi ta kokawa, sannan maganar ta fito, a karkace amma a fili.

"Kin... ji?"

"Na ji, Malam. Na ji."

Jirgin ya sauka daga reshe ya hau babban layi, ya zaga tasha, ya ratsa kasuwa, ya dawo. Shi kaɗai ya riƙe taron har azahar, bai tsaya ko sau ɗaya a kan wayoyin tela ba.

Ana cikin haka Alhaji Dudung ya zo, ya tsuguna a gaban keken, sabon kan jirginsa a hannu. Ya ce, "Yaya Imas, katakon nan... yana nan?" Wallahi da ni ne da sai na ɗan ja masa rai. Ita ko ta miƙa masa, da hannu biyu kamar ɗazu, ta haɗa masa da sauran bala-bala. A kan guntun dogon nan aka mayar wa jiragen ƙungiya lambobinsu kaf, Alhaji na zaune a ƙasa yana yi, Malam Tatang na sa masa ido. Da ya yi kuskure, sai aka ji cokali a jikin ƙarfen keke, ƙwas ƙwas. Alhaji ya ce, "To, Baba," ya sake.

Da suka koma gida, Malam Tatang ya cinye shinkafarsa tas, da hannun hagu, ya tura kwano a ƙara masa.

Darasi: Kada ka raina aikin da aka yi da haƙuri da ƙauna don kawai ka raina hannun da ya yi shi. Wanda ka tura lungu yau, wataƙila shi zai fitar da kai kunya kafin rana ta faɗi. Kai kuma da aka wulaƙanta, riƙe bakinka, ka ci gaba da alherinka, Allah ba ya manta wahalar kowa. In kun san wata Mama Imas da ke jinyar nata ba tare da gajiya ba, ku tura mata wannan, ku kuma yaɗa shi ga 'yan uwa.