Taku Huɗu a Filin Jennifer

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya azurta mu da zama gaban Shehinmu, Modibbo mai tsantseni, kogin fiƙihu, wanda harshensa bai gushe ba daga zikiri, Allah Ya ƙara masa yarda. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar karatu a zaurensa da ke unguwar Majidaɗi, na ga abubuwa, amma wanda zan faɗa yanzu har yau idan na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

Ina da suruki, Njidda, mijin ƙanwata, mai aikin awon filaye. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin baki, kuma boko ya ratsa shi har ya fara cewa wai babu wani abu mai kyau ko mummuna a kan kansa, duk tarbiyya ce da tsoron idon mutane, saboda haka bai ga abin da ke nuna akwai Mahalicci ba. Ni kuwa mai zafin zuciya ne, sau biyu ana shiga tsakaninmu.

Ana nan sai wani mai hali ya sayi fili a bayan gari, maƙwabcin filin wata bazawara 'yar ƙabilar Mumuye mai suna Jennifer, wadda ambaliya ta tafi da takardun filin nata. Ya nemi Njidda ya gusar da turken siminti na iyaka taku huɗu zuwa cikin nata, sannan ya zana taswira a kan haka. Njidda ya amsa, har yana ba ni labari yana dariya, wai matar ba ta da abin nunawa a ko'ina. Na ja shi kamar rago sai gaban Modibbo.

Na zaci Shehi zai buɗe littattafai ya tare shi da hujjoji. Sai ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce a hankali, "Njidda, tunda tsoron mutane ne kawai, ka je da tsakar rana lokacin da babu kowa. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka waiwaya."

Wallahi raina ya ɓaci, na tuba ga Allah, har na zargi Shehi a zuciyata da sakin azzalumi a kan marar gata.

Washegari bayan la'asar muna karatu sai ga Njidda, takalmansa duk jar ƙasa, fuskarsa kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Kafin ya gama sallama Modibbo ya ce, "Sau bakwai."

Njidda ya zube a kan tabarma. Can ya yi ƙarfin hali ya ce, "Allah gafarta Malam, ai dubawa na yi ko wani na tahowa."

"Wannan ta farko ce," in ji Shehi, "kuma ka ga fili fetal, ko akuya babu. Sauran shidan, wa kake nema?"

Njidda da kansa ya shaida mana daga baya cewa babu wanda ya bi shi, kuma shi ma a ransa ya ƙirga, bakwai ɗin ne cif. Ya ce duk sanda ya kama turken sai ya ji ana kallonsa, kallon da ba daga gabas yake ba, ba daga yamma ba, kuma ya san mai kallon bai yarda ba. Modibbo ya ce, "Ba uwarka ta koya maka wannan ba, ba kuma ni ba. Wanda Ya ƙera ƙirjin ne Ya ajiye shi a ciki. Tashi ka mayar da turken inda ka cire shi tun rana ba ta faɗi ba, kuma ka tambayi mai filin ko wane ne a cikin taku huɗun."

Na raka shi. Muka tarar da Jennifer ta zo cirar ganyen rogo, ta tsaya tana kallon turken a inda ba wurinsa ba. Njidda ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya bai rage komai ba, sannan ya yi tambayar da aka aiko shi da ita. Ta nuna wani ɗan tudu da ciyawa ta rufe, daidai inda mai sayen zai haƙa harsashin katanga.

Ta ce, "Maigida na ne yana kwance a nan. Siminti ne ni bai samu na sa mishi ba."

Shehinmu bai taɓa taka wurin ba, bai taɓa jin sunan mamacin ba. Njidda ya tona ramin turken na asali da hannunsa ya mayar da shi, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ni ma na taya shi, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Tsarki ya tabbata ga wanda Ya dasa sanin daidai a zukatan bayinSa, Ya kuma buɗe wa waliyyanSa abin da Ya so. Ya Allah Ka ƙara wa Modibbo lafiya da kusanci, Ka yafe mini mummunan zaton da na yi masa, Ka sa albarkarsa ta lulluɓe mu da zuriyarmu. Amin.